Kwamfuta Ba Ta San Mudu da Buhu Ba

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu yanzu suna ajiye lissafinsu cikin kwamfuta. Abu ne mai kyau, amma ku ji abin da ya same mu bara.

Bayan kaka, membobin wata ƙungiya da nake zagayawa suka kai masararsu sito domin a sayar lokacin da ta yi tsada. Ni na shirya musu takardar lissafi cikin kwamfuta, na kuma rubuta mata umurni cewa ta tara dukan lambobin da ke layin "masara". Ranar taro kwamfuta ta ce buhu 112. Da aka buɗe sito aka ƙirga, sai aka sami 82.

Nan take wuri ya yi tsit. Kowa ya zuba wa mai riƙe da makullin sito ido, dattijon da ya shekara tara yana wannan aiki ba a taɓa kama shi da ƙwaya ɗaya ba. Ya ce, "Malam, a ɗauko littafina."

Muka bi littafin suna bayan suna. Ashe wata gwauruwa ta kawo mudu 30, aka zuba mata a wani buhu dabam, ni kuwa na buga 30 kawai a layin buhuna. Kwamfuta ta tara yadda na gaya mata. Na tashi a gaban jama'a na ce, "Baba, ka gafarce ni, laifina ne."

Kada ku ce rashin ilimi ne ya jawo wannan. A shekarar 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi hasarar kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter da ta aika duniyar Mas. Dalili kuwa, masu aiki a wani sashe sun yi lissafin ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, na wani sashen kuma suka ɗauka ma'aunin mita ne. Mudu da buhu ke nan, a sararin sama.

Saboda haka ga shawara:

1. A ware layin buhu dabam, na mudu dabam, a rubuta sunan ma'auni a saman kowanne.
2. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa daga littafi, wani yana duba kwamfuta.
3. In an ƙara sabon memba a ƙasa, a tabbata umurnin tarawa ya kai kan sunansa.
4. Kada a yar da littafin hannu, kuma kowa ya karɓi rasit.

In lissafi ya saɓa, a fara tuhumar lissafin kafin a tuhumi mutum. Ana gyara lamba cikin minti ɗaya, amma mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.