Yadda Masu Sha'awar Rediyo Ke Hawa Tsaunuka Domin Su Yi Magana Da Duniya

A Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, har da Amurka da Japan, akwai mutanen da ke saɓa jaka a ƙarshen mako su nufi ƙololuwar tsauni, ɗauke da ƙaramar na'urar rediyo mai aikawa da karɓar saƙo, da batir da ƙullin waya. Masu sha'awar sadarwar rediyo ne, kowannensu yana da lasisin hukuma da lambar kira tasa, kuma doka ta hana su amfani da na'urar don kasuwanci.

Shirin da ya tsara wannan sha'awa shi ne SOTA, wanda aka ƙaddamar a Ingila da yankin Wales ranar 2 ga Maris, 2002, kafin ya bazu zuwa wasu nahiyoyi.

Tsawo ne ke kai su can. Igiyoyin rediyo na zangon megahaz 144 kusan a miƙe suke tafiya, ba sa lanƙwasa sosai su bi doron ƙasa. Mutumin da ke tsaye a fili, iyakar da eriyarsa ke hangowa ba ta wuce kilomita 6 ba. Idan ya hau tsauni mai tsawon mita 1,000, iyakar tana kaiwa kimanin kilomita 130. Gajeren zango, kamar megahaz 7 da 14, hanyarsa daban ce: saƙon yana tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a nesa, har ya tsallake teku. A nan ribar tsauni ita ce shiru, domin babu hayaniyar wayoyin lantarki da na'urorin gida da ke danne raunanan saƙonni a birni. Shi ya sa na'ura mai ƙarfin wat 5 kacal ke isa, musamman ga masu amfani da alamomin Mos.

Ƙa'idojin suna da tsauri. Galibi sai tsauni ya ɗara kwarin da ya raba shi da wani mafi tsawo da mita 150 kafin a sa shi cikin jeri. Dole mai hawa ya ƙarasa tafiyar da ƙarfin jikinsa, ya kafa tasharsa a inda bai gaza ƙololuwar da fiye da mita 25 ba. Ba a yarda da janareta ko aiki daga cikin mota ba, sai batir ko hasken rana. Sannan sai ya yi magana da tashoshi huɗu daban-daban, ba ta hanyar tashar da ke maimaita saƙo a ƙasa ba, kafin ya samu maki, daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsawon dutsen.

Wannan sharaɗi na tashoshi huɗu shi ne ke ba su wahala. Mutum na iya shafe sa'o'i uku yana hawa, ya ɗaura wayarsa a sandar kamun kifi, ya samu amsa uku, sai batir ya mutu ko yanayin sama ya juya. Sauka zai yi ba maki ko ɗaya. Saboda haka masu hawa ke sanar da lokacinsu a intanet tun kafin su fita, domin waɗanda ke zaune a gida su yi dakonsu. Su ma na gidan ana ba su maki.

Wanda ya tara maki 1,000 ta hanyar hawa, ana yi masa laƙabi da akuyar dutse, kuma yawanci sai an yi shekaru, tunda sau ɗaya a shekara tsauni ke ba mutum maki.

Ɗaya daga cikin haɗurran shi ne sanyi. Mai hawa yana isa sama jiƙe da gumi, ya zauna wuri ɗaya cikin iska, zafin jikinsa na raguwa ba tare da ya ankara ba. Ga kuma tsawa, wadda doguwar sanda a kan ƙololuwa ke iya janyowa. Ƙwararru kan naɗe eriyarsu da zarar hadari ya haɗu, ko da saura tasha ɗaya su cika huɗun.