Ire-iren cacar da ake yi a wasan hokin ƙanƙara da yadda kamfanoni ke cin riba

Tun bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni a watan Mayun 2018, harkar ta bunƙasa a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Ita ma Kanada ta halatta caca kan wasa guda a watan Agustan 2021.

Ana yin wasan ne a zango uku, kowanne minti 20, inda 'yan wasa shida na kowane ɓangare ke fafatawa kan wani ɗan faifan roba, wanda shi ne ƙwallonsu. Idan aka tashi kunnen doki a wasannin kaka, sai a ƙara minti biyar, idan ba a rabu ba kuma a tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Mafi sauƙin caca ita ce zaɓen ƙungiyar da za ta yi nasara. Alamar -150 na nufin sai mutum ya zuba dala 150 kafin ya ci ribar 100, yayin da +130 ke nufin dala 100 za ta kawo ribar 130. Akwai kuma nau'in da ke tsayawa kan minti 60 kaɗai, wanda ake iya zaɓen kunnen doki a cikinsa.

Ta biyu ita ce cacar tazara, wadda galibi ake kafawa kan ƙwallo ɗaya da rabi. Wanda ya bi ƙungiya mai ƙarfi ba zai ci ba sai ta yi nasara da ratar ƙwallo biyu ko fiye. A nan wata al'adar wasan ke yin tasiri: ƙungiyar da ke baya takan fitar da mai tsaron gidanta dab da tashi domin ta ƙara ɗan wasan gaba. Ƙwallo ɗaya a ragar da ba kowa takan mayar da 3-2 ya zama 4-2, kuɗi kuma su sauya hannu cikin daƙiƙoƙi.

Ta uku ita ce ta jimillar ƙwallaye, wato ko za su haura ko su gaza adadin da kamfani ya sa, yawanci 5.5 ko 6.5. Sauran sun haɗa da caca kan ɗan wasan da zai zura ƙwallo, da ta dogon zango kan ƙungiyar da za ta ɗauki Kofin Stanley, sai kuma haɗa wasanni da dama a tikiti ɗaya.

A duk waɗannan, kamfani ya riga ya cire kasonsa a cikin farashi. Idan mutum biyu suka zuba dala 110 kowanne a ɓangarori biyu masu alamar -110, an tara 220, wanda ya ci ya karɓi 210, kamfani ya riƙe 10 ko da wa ya yi nasara. A irin wannan farashi, sai mutum ya ci sama da kashi 52 cikin 100 na cacarsa kafin ya tsira da uwar kuɗinsa. Tikitin haɗaka ya fi haɗari: wasanni huɗu da damar kowanne take rabi da rabi sau ɗaya cikin 16 kawai suke faɗawa daidai gaba ɗaya.

Ita ma gasar ba ta tsira daga illar caca ba. A 1948 NHL ta kori Billy Taylor da Don Gallinger saboda caca kan wasanni. A watan Oktoban 2023 ta dakatar da Shane Pinto na Ottawa Senators wasanni 41 bisa karya ƙa'idojin caca, kodayake ta ce ba ta samu shaidar ya yi ta kan wasannin NHL ba. Lardin Ontario kuma ya taƙaita amfani da 'yan wasa a tallan cacar intanet tun daga watan Fabrairun 2024, domin kare yara da matasa.