Shuka Mai Hawa Rumfa: Shiri Daga Daddara

Yau shirin namu ya yada zango a Daddara, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Magama ta faɗa Maraɗi. Ba fito ko farashin wake ya kawo mu ba. Tsakar gida za mu shiga, mu duba tsirran nan masu yaɗo da ke hawa rumfa da danga.

Abin da ya jawo zancen shi ne wata fulawa da hotunanta ke yawo a wayoyin mutane, sunanta clematis. Za ku gan ta ta lulluɓe ƙofar gida a Ingila ko Amurka, furenta shuɗi ko ja, wani ya kai faɗin tafin hannu. Dangin nata sun kai iri 300, kuma wadda ta fi suna, Jackmanii, wani mai renon tsirrai ne, George Jackman, ya samar da ita a Ingila a 1858. Tana da 'yan'uwa na daji a Afirka, irin waɗanda ke tsaunukan Habasha. Amma manyan nan na hoto sun saba da ƙasar da sanyi ke kwantar da shuka ta yi barcin watanni, kuma saiwarsu ba ta son zafi ko kaɗan. A nan kuwa, watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, damina kuma wata huɗu ce in ta yi kyau. Ga shi ruwan jikinta yana ƙona fata, yana cutar da dabba in ta ci, mu kuma gidanmu ba ya rabo da akuya. Ƙwarya dai ta bi ƙwarya. Wanda ya kashe kuɗinsa ya yi odar irinta, to ya sayi abin kallo na ɗan lokaci ne.

Sai dai masu renonta suna da ƙa'ida ɗaya da ta dace da mu: kan shuka a rana, gindinta a inuwa. Wannan kuwa ya hau kan duma, ya hau kan soso, ya hau kan garahuni.

Mu fara da duma, don shi ne sarkin rumfa a ƙasar Katsina da Maraɗi. Daga gare shi ake samun ƙwarya da ludayi da gora da masaki, har shantun da mata ke kaɗawa. Da ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni, sai a haƙa rami kamu biyu a gefen rumfar da rana ba ta daɗe a kai, a cika shi da ƙasa da takin awaki wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. A jefa iri uku, in sun fito a bar mai ƙarfi ɗaya. A rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko fasassun kasko, a kewaye da ƙaya.

To ga inda mutane da dama ke kuskure. Sai a kafa wa duma ƙaton turke a ce ya hau. Ku matsa kusa ku dubi yadda yake hawa: daga gindin kowane ganye wani siririn zare ke fitowa, yana lalube a iska, da ya taɓa abu sai ya naɗe shi ya murɗe, ya jawo reshen sama. Zaren nan ba ya iya rungumar gungume. Igiyar kaba yake so, ko karan dawa, ko tsohuwar waya. Da ya kai saman rumfa sai a tsinke masa kai, domin rassan gefe su ne suka fi fitar da fure mace.

E, furen duma akwai namiji akwai mace. Fari ne, kuma da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke kai garin namijin ga macen. Macen ba ta ɓuya, za ka ga ɗan ƙaramin duma mai gashi-gashi a ƙarƙashin furen. In kika ga 'ya'yan suna yin ruwan ɗorawa suna zubewa tun suna ƙanana, Hajiya, sau da yawa garin ne bai kai ba. Bayan magariba ki tsinko namijin, ki cire farin ganyen furen, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar macen. Shi ke nan. Wanda ya yi nauyi kuma a yi masa ragaya, kada ya ja rumfar ƙasa. Kuma a ja wa yara kunne, duma mai ɗaci guba ne, ba a kai shi baki.

Soso bai kai haka laulayi ba. Furensa rawaya ne, da rana yake buɗewa, zuma na yi masa aikin. A bar shi ya bushe a jikin uwarsa har iri ya riƙa ƙara in an girgiza, a ɓare, ga abin wanka da wanke-wanke. Garahuni ma kusan shi ke shuka kansa a jikin danga, ɗansa in ya nuna ya fashe ya nuna jan iri, ganyensa mai ɗaci kuma tsofaffi sun san amfaninsa a fate.

Matsalar duk waɗannan ɗaya ce: da kaka ta yi, iskar hunturu ta kaɗa, sun bushe, alhali lokacin da aka fi neman inuwa yana gaba, wato bazara. A nan ni dai yaɗiya nake yaba wa. Mun raina ta don a daji muke ganinta ta naɗe aduwa, amma shekara da shekaru take yi, tana da kore har cikin rani, ga ganyenta da furenta ana kwaɗo da ƙuli. A ba ta kusurwa ɗaya ta rumfa, duma ya ɗauki sauran da damina. Mai rijiya a gida yana iya gwada inabi. Manoman Kudan a jihar Kaduna sun nuna yana yi a Arewa, sai dai yana son ruwa a kai a kai da datse rassa a kan lokaci.

Batun ruwa kuwa, ba kowane gida ne ke kusa da dam ɗin Jibiya ba, kuma wanda ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa ba ya wasa da ita. A samu tulun ƙasa marar fenti, a binne shi har wuya a gefen shukar, a cika, a rufe bakinsa saboda sauro. Zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai wurin saiwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk su tafi can, ban da ruwan omo, wanda gishirinsa ke kashe ƙasa. Kada kuma a bar yaɗo ya kwanta a kan katangar laka, yana riƙe damshi ya zaizaye ta. A riƙa duba ginshiƙan rumfa saboda gara, a kuma share ƙasan yaɗon don kada maciji ya samu maɓoya.

Wanda ke son shuka bana, ya nemi irin duma tun yanzu a wurin masu gyaran ƙwarya ranar kasuwar Jibiya, ya kuma tambayi ko na ludayi ne ko na masaki, don rumfar kara ba ta ɗaukar na masaki. A nan za mu dakata.