Kasuwar Kurmi da Gyaran Wuƙa Mai Naɗewa

Wuƙa mai naɗewa, wadda ruwanta ke komawa cikin ƙota a jefa ta aljihu, a kan ƙusa guda take juyawa. A yawancin na zamani, jikin ƙusar nan akwai 'yan fayafayai biyu masu huda a tsakiya, ɗaya ta kowane gefen ruwan, waɗanda makanikai ke kira washa. Su ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ana yin su da tagulla ko roba mai santsi, kuma kaurinsu bai cika kai rabin milimita ba. Idan ƙurar hunturu ta cinye su, ko ɗaya ta faɗi garin wanki, sai ruwan wuƙar ya riƙa lilo, yana goga gefen ƙota, makullinta ya daina kamawa. A Kano, neman madadinsu yakan fara ne daga Kasuwar Kurmi.

Kurmi tana tsakiyar birni, kusa da rafin Jakara. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, ta zama matattarar fatake masu ƙetare Sahara. Har yau kowace sana'a da layinta: dukawa, masu kayan doki, masu turare, 'yan koli, da masu takubba da wuƙaƙe. Lungunanta matsattsu ne, rumfa na jingine da rumfa, shi ya sa baƙo kan nemi ɗan gari ko dillali ya yi masa jagora.

Wuƙaƙen da ke layin masu wuƙaƙe iri biyu ne. Akwai ƙirar gida mai kube, wadda mahauta da masu tsire da makiyaya ke saye. Akwai kuma mai naɗewa, wadda akasari daga waje take zuwa. A da, sunan garin Solingen na Jamus ne ke tashe. Can aka fara ƙera wuƙar Okapi a 1902, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Yanzu kayan Sin sun fi yawa, kuma birnin Yangjiang ne cibiyar ƙirar wuƙa a can. 'Yan kasuwa wuƙa sukutum suke sarowa, ba sa saro kayan gyaranta. Saboda haka washa ba hajar da ake kasawa a faranti ba ce, nemanta ake yi.

Matakin farko shi ne mai tsofaffin kaya. Mai rumfa yakan ajiye gwangwani cike da matattun wuƙaƙe, wata ta karye a tsini, wata ƙotarta ta tsage. Daga cikinsu ake kwance wadda ta yi daidai, domin da tsohuwar zuma ake magani. Mai nema da wuƙarsa yake zuwa, tun da awo uku ne dole su dace: faɗin hudar, faɗin faifan, da kaurinsa. Kauri shi ne mai wuyar sha'ani. In ya yi yawa, wuƙa ta cije. In ya gaza, lilon yana nan.

Idan ba a dace ba, sai a nufi Kasuwar Ƙofar Ruwa, inda masu noti da kayan mota da tsofaffin ƙarafa suke. Washa a nan buhu-buhu ce, amma yawancinta ta baƙin ƙarfe ce, an yi ta ne don ɗaure noti. Ta yi wa wuƙa kauri, ga tsatsa da damina. Abin da Ƙofar Ruwa ta fi amfani da shi a wannan aiki shi ne ɓallin tagulla, irin wanda ake yankowa daga tsohon lagireto, da kuma ƙaramin sukundireba mai bakin tauraro da ake kwance ƙusar wuƙaƙen zamani da shi.

Mataki na ƙarshe shi ne maƙera. Ƙira a ƙasar Hausa kashi biyu ce: maƙeran baƙi masu garma da gatari da ruwan wuƙa, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, su zobe da munduwa da adon linzami. Washa aikin maƙerin fari ce, don hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa. Yakan gasa ɓallin ya yi laushi, ya daddale shi a kan uwar maƙera, ya fara huda tsakiya tukuna, sannan ya yanke kewayen ya bi da magagari. Daga nan sai ya riƙa goga faifan a kan dutsen wasa wuƙa, yana gwadawa yana sake gogawa, har fuskokin biyu su yi sumul. Biyun yake sakewa tare ko da ɗaya ce ta lalace, don ruwan ya zauna a tsakiyar ƙota.

Kuɗin aiki ya danganta da irin ƙusar. Mai zare kwancewa kawai ake yi. Wadda aka daddale kanta da guduma kuwa sai an goge kan an fitar da ita, a yanka sabuwa a sake daddalewa. Ciniki irin na ko'ina ne, a taya, a ce albarka, a sallama. Sau da yawa ladan gyara yakan kusa kuɗin sabuwar wuƙa mai araha, don haka masu kawo gyara su ne waɗanda ƙarfen wuƙarsu ke riƙe kaifi, ko waɗanda suka gaje ta.

Bayan an haɗa, ana ɗaure ƙusar kaɗan-kaɗan har lilo ya ɗauke ba tare da wuƙar ta cije ba. Sai a ɗiga man keken ɗinki, ba man gyaɗa ba, domin na gyaɗa yana daskarewa ya tara ƙura. Maƙeri yakan buɗe ta ya rufe a gaban mai ita, ya girgiza ruwan hagu da dama, sannan ya miƙa masa.