Daga Kotu Zuwa Filin Ƙanƙara: Yadda Ake Zama Kocin Hoki

A shekarar 1999, a garin Lansing na jihar Michigan a Amurka, wani alƙali ya roƙi wani matashin lauya da ya taimaka ya horar da ƙungiyar hoki ta makarantar sakandaren da ɗansa ke karatu. Lauyan, Jon Cooper, haifaffen Prince George ne a yammacin Kanada, kuma bai taɓa cin abinci da wasan hoki ba. Ya amsa. Bayan shekara 21 sai ga shi ɗauke da Kofin Stanley, kofi mafi daraja a wannan wasa.

Hokin ƙanƙara wasa ne na gudu da gwabzawa. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron gida, suna sulɓi a kan takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna. Zubi uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya cika minti ɗaya a fili bai fito ya huta ba, don haka ake sauya su ana tsaka da wasa, alƙalin wasa bai busa usur ba. A nan aikin koci yake. Yana tsaye bayan benci, 'yan wasa 20 a hannunsa, 'yan gaba an kasa su rukuni huɗu na mutum uku-uku, 'yan baya biyu-biyu. Ya kira suna, su tsallake katangar katako su faɗa fili, waɗanda suka gaji su dawo suna haki. Idan ya makara da daƙiƙa kaɗan, ko ya tura raunanan yara gaban zaratan abokan hamayya, ƙwallo ta shiga raga.

Mai son wannan kujera a gasar NHL, wadda ke da ƙungiyoyi 32 kacal a Amurka da Kanada, yawanci sai ya hau tsani mai matakai da yawa. A ƙasa akwai makarantu da gasannin matasa. Sama da su akwai ƙananan gasannin ƙwararru irin su ECHL da AHL, inda manyan ƙungiyoyi ke rainon 'yan wasansu, ana ta doguwar tafiya a bas cikin sanyi daga gari zuwa gari.

Cooper bai tsallake wahalar nan ba. A 2003 ya ajiye aikin lauya ya tafi Texarkana, gari a kan iyakar Texas da Arkansas inda hoki baƙon abu ne, ya zama koci kuma manaja na wata ƙungiyar matasa. Shi ke nemo yara, shi ke horar da su, shi ke lallashinsu idan kewar gida ta taso. Da ƙungiyar ta koma St. Louis, ya ci kofin gasarsu a 2007 da 2008. Ya koma Green Bay ya ci Kofin Clark a 2010. Daga nan ƙungiyar Tampa Bay Lightning ta damƙa masa reshenta na AHL a Norfolk, inda a 2012 yaransa suka ci wasa 28 a jere, suka kuma ɗauki Kofin Calder. A watan Maris na 2013, yana da shekara 45, aka kira shi babbar ƙungiya. Samari irin su Ondrej Palat, Tyler Johnson da Alex Killorn, waɗanda ya raina tun a Norfolk, sun zama ginshiƙan Tampa a shekarun da suka biyo.

Ba kowa ke bin wannan hanya ba. Scotty Bowman, wanda ya ci Kofin Stanley sau 9 yana koci a Montreal, Pittsburgh da Detroit, raunin da ya ji a kai yana matashi ne ya karkata shi ga horarwa. Martin St. Louis kuwa shahararren ɗan wasa ne, kuma daga horar da yara ƙanana Montreal ta ɗauko shi a 2022. A 2024 Jessica Campbell ta zama mace ta farko da ta tsaya bayan benci a NHL a matsayin cikakkiyar mataimakiyar koci, a ƙungiyar Seattle.

Hawa kujerar ya fi zama a kanta sauƙi. Idan ƙungiya ta fara faɗuwa, korar mutum ɗaya ta fi korar 'yan wasa 20 arha, shi ya sa kociyoyi da dama ba sa wuce shekara uku a wuri ɗaya. A 2016 Florida ta sallami Gerard Gallant jim kaɗan bayan wani wasa a waje, aka ɗauki hotonsa yana jiran tasi da jakunkunansa a ƙofar filin. Abin ya yi wa masoya wasan ciwo, kuma da gaskiyarsu.

Cooper ma ya leƙa bakin wannan rami. A kakar 2018 zuwa 2019 Tampa ta ci wasa 62, adadin da a lokacin ba wanda ya taɓa wuce shi, amma a zagayen farko na neman kofi Columbus ta lallasa ta sau huɗu a jere ta fitar da ita. Mutane da yawa sun zaci kwanansa ya ƙare. Shugabannin ƙungiyar suka bar shi, kuma wannan haƙuri shi ne hukunci mafi hikima da suka yanke. Ya gyara salon wasan, ya sa taurarin da suka saba da zura ƙwallo suka ɗauki tsaron gida da muhimmanci. A 2020, lokacin annobar korona, ba 'yan kallo a fili, suka sake karo da Columbus a zagayen farko, suka yi galaba, suka wuce har suka doke Dallas a Edmonton suka ɗauki kofin. A 2021 suka maimaita a kan Montreal.

A 2022 sun sake kaiwa wasan ƙarshe, amma Colorado ta tare su. Kocinta, Jared Bednar, shi ma ɗan tsanin nan ne: ya ci kofin ECHL a 2009, ya ci na AHL a 2016, kuma bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NHL ba.