Hasken fitila da furannin cikin gida a Doha

Yawancin furannin da ake renonsu cikin tukwane a gidajen Doha, ɗaya daga cikin matsalolin da ke hana su fure ita ce rikicewar dare da rana. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Katar kan wuce digiri 40, dole a shigo da tukwane ɗaki, a ja labule, a kunna na'urar sanyaya wuri. Daga nan fitila ce ke zama rana ga shukar, mai gida kuma shi ke yanke mata lokacin fitowa da faɗuwa.

A shekarar 1920 masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa tsawon yini ne ke sa wasu tsirrai fure. A 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa ainihin abin da shukar ke aunawa shi ne duhun da bai katse ba. Manomin dawa a ƙasar Hausa ya san wannan tun tuni: ko an yi shuka da wuri ko a makare, dawar gargajiya ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina.

Furannin da aka fi saye a lokacin sanyi, irin waɗanda ake bajewa a bikin Mahaseel na cibiyar al'adu ta Katara a Doha, da yawansu masu son dogon dare ne. Poinsettia na buƙatar duhun sa'o'i kusan 14 kowane dare har mako 8 zuwa 10, a fara daga farkon Oktoba. Kalanchoe na son kamar haka na kimanin mako 6. A Disamba yinin Doha sa'o'i 10 da rabi ne kacal, to da an bar su da yanayin Allah da sun yi fure da kansu. Fitilar falo ce ke ɓata lissafin. Haske na 'yan mintoci a tsakar dare, ko na talabijin, ko na fitilun titi da ke ratsowa ta taga, ya isa ya sa shukar ta ɗauka daren gajere ne, sai ta ci gaba da ganye kawai. Abin ya fi tsanani a watan azumi, inda ake barin fitilu a kunne har sahur. Petunia kuwa dogon yini take so, African violet kuma ba ruwanta da tsawon dare, muddin ta sami haske sa'o'i 12 zuwa 14.

In an yi kuskure, gyaran mai sauƙi ne, kuma gaggawa ce ke lalata shi. Dare ɗaya da aka manta fitila a kunne jinkiri kawai yake jawowa. A koma tsarin da aka saba washegari. Kulle shuka cikin duhu kwana biyu wai don a rama bashi wahalar da ita ne a banza. Maimaita kuskuren dare bayan dare shi ne ke zubar da toho.

Akwai kuma kuskuren ƙarfin haske. Kara mai tsawo siriri da ganye fari-fari alamar ƙarancinsa ne, abin da gilashi mai duhu na benayen Doha ke yawan haddasawa. Ganye mai ƙunar baki-baki na nufin fitila ta matso da yawa, ko an jingina tukunya da tagar yamma. Tazarar santimita 30 ta wadatar ga ƙananan fitilun LED.

Mai niyyar tafiya hutun bazara ya haɗa fitilar da ƙaramin agogon soket mai kunnawa da kashewa da kansa, ya gwada shi kafin ya tafi. Furannin dogon dare kuma a ajiye su a ɗakin da ba a shiga bayan magariba, ko a kife su da kwali har wayewar gari.