Dogon Suma Ba Mutuwa Ba Ne: Bayani A Kan Wayar Hannu In Ta Ƙi Tashi

Yau maganarmu a kan wani ƙaramin abu ce wanda ya zame wa mutane babba, watau wayar hannu irin ta shafawa, sa'ad da ta ɗauke ta ƙi tashi, ko kuwa aka sa mata caji ta ƙi sha. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, da yawa cikin wayoyin da ake yanke wa hukuncin mutuwa suma kawai suka yi, kuma wanda ya bi al'amarin daki-daki, daga waje zuwa ciki, yakan farfaɗo da abarsa bai kashe ko kwabo ba.

Kada wani ya ce wannan ba magana ce ta manya ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, babu abin da ya sake fasalin fatauci a ƙasar nan kamar wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Yau wanda ya kai buhunan gero ko ya kora dabbobi zuwa Kasuwar Daji, da ita yake jin farashin Gusau da na Kano, da ita yake ganin shigar kuɗi kafin ya saki kaya, da ita kuma yake shaida wa iyalinsa ya sauka lafiya, wanda kuwa ya san hanyar Shinkafi da ta Zurmi a waɗannan shekaru ya san nauyin wannan kalma. Mun ɗanɗana rashinta a watan Satumba na 1921 da ɗari, watau 2021, da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro, har ya zama sai mutum ya tsallaka wata jiha kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Mun kuma ga ƙarfinta a farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya sabili da canjin Naira, ciniki ya koma ta waya. Saboda haka wayar da ta ɗauke ranar kasuwa, kamar an rufe wa mutum rumfa ne da hantsi.

Fasali na farko: misalin rijiya da randa

Ku sani, shigar wuta cikin waya kamar ɗiban ruwa ne. Akwai rijiya, ita ce soket ko janareto ko sola. Akwai guga, shi ne kan caja. Akwai igiya, ita ce kebul. Akwai bakin randa, shi ne ramin da ake soka caji a gindin waya. Sa'an nan akwai randar kanta, ita ce batir. In aka tarar randa ba ruwa, mai hankali ba ya fara da fasa ta, sai ya leƙa rijiya tukuna, ya duba guga, ya ja igiya. Haka za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma sharaɗin binciken shi ne a sake abu guda kowane gwaji, domin wanda ya sake abu uku a lokaci ɗaya, ko wayar ta tashi, ba zai san wanne ne mai laifi ba.

Na farko, rijiya. Wutar gida a ƙasarmu bolt 230 ya kamata ta zama, amma kowa ya san takan zo da rauni, takan kuma dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Mafi yawan mutanenmu kuma a wurin masu cajin waya suke sa nasu, inda ake jera wayoyi da yawa a kan allo guda, wani ramin soket ya saki, wani ya ƙone. To, sai a gwada wata waya mai lafiya a ramin nan. In ita ma ta ƙi, laifin ba na wayarka ba ne. In kuwa da janareto ake aiki, a bari injin ya daidaita kafin a jona, kuma a zare kafin a kashe shi.

Na biyu, guga. Aikin kan caja shi ne ya karɓi wutar nan mai ƙarfi ya mai da ita bolt 5, gwargwadon abin da waya ke iya sha, sai dai masu saurin caji sukan haura haka bisa yardar wayar. Kan caja na jabu ba ya riƙe wannan ma'auni. Alamominsa su ne rashin nauyi a hannu, da zafi mai yawa, da ƙara kamar ta sauro, da kuma wayar ta riƙa danna kanta da kanta sa'ad da take caji. A ari na maƙwabci wanda aka tabbata yana aiki a gwada. Araha ba ta ado, domin cajar da aka saya da ɗan kuɗi kaɗan tana iya ƙone wayar kuɗi masu yawa.

Na uku, igiya. Ita ce ta fi saurin lalacewa cikin kayan nan duka, gama siraran wayoyin jan ƙarfe ne a cikinta, kuma suna tsinkewa daga ciki, a wuya kusa da kai, alhali fatar waje tana nan lafiya lau. In caji yana kamawa yana saki duk sa'ad da aka motsa kebul, ko sai an lanƙwasa shi an danne da dutse kana ya kama, to, a sake wani kafin a zargi waya.

Na huɗu, bakin randa. Ƙurar hunturu, da zaren aljihu, da ɓuntun hatsi na kasuwa suna taruwa a ramin caji, kullum aka soka caja sai ta ƙara danƙare su, har su hana kan kebul isa ƙarshe. Alamar wannan ita ce kebul ya ƙi zama daram. Sai a haska da tocila, a sami siririn tsinke busasshe, a riƙa tono a hankali, ana kiyaye ɗan harshen da ke cikin ramin. Kada a sa allura ko reza ko wani ƙarfe, kada kuma a zuba ruwa ko fetur.

Fasali na biyu: batir da halayensa

Batirin wayoyin zamani na sinadarin litiyam ne, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. In ya ƙare ƙarƙaf aka bar shi kwanaki a haka, kamar yadda ya faru ga mutane da yawa a watan Oktoba na 2024 da Arewa ta yi kwanaki ba wutar lantarki, sai ya faɗi ƙasa da haddin da zai iya kunna fuskar waya. Sa'an nan in aka jona caji, wayar takan fara ba shi wuta kaɗan kaɗan, kamar yadda ake fara ba mai jinya ruwan koko kafin tuwo, kuma a wannan lokaci ba za a ga wata alama ba. Nan ne masu gaggawa ke cewa ta mutu. A bar ta a kan caja mai kyau rabin sa'a, ko sa'a guda cur, ba a taɓa ta ba, kana a gwada kunnawa.

Batir kuma yana tsufa. Bayan an cika shi an juye kamar sau 500, yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa, watau cikin shekara biyu ko uku ga mai aiki da waya kullum. Babban maƙiyinsa zafi ne. Masu ƙera waya suna gargaɗi a kan zafin da ya wuce digiri 35, alhali bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, takan haura 40. Don haka kada a bar waya a gaban mota, ko a kan buhu cikin rana, ko a yi mata caji a ƙarƙashin matashin kai.

Amma in aka ga bayan waya ya ɗago, ko gilashinta ya fara rabuwa da jiki, batir ya kumbura ke nan, kuma wannan haɗari ne. A daina yi mata caji nan take. Kada a matse shi, kada a huda shi don iska ta fita, domin yana iya kamawa da wuta. Ko babban kamfani irin Samsung sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta. A kai wa mai gyara ya sa sabo, tsohon kuwa kada a jefa shi a murhu ko a bar wa yara.

Fasali na uku: wadda take a farke amma ta yi shiru

Wani lokaci wayar tana kunne, fuskarta ce ta mutu, ko kuwa tunaninta ne ya cije. Hanyar ganewa ita ce a kira lambarta da wata waya. In ta yi ƙara ko ta girgiza, to, gilashi ne ko haɗinsa, kuma duk abin da ke cikinta yana nan. In kuwa cijewa ta yi, sai a danne maɓallin kunnawa a riƙe har a ƙirga talatin a tsanake. Ga wayar Samsung, a haɗa shi da maɓallin rage murya a riƙe fiye da daƙiƙa bakwai. Wannan ba ya goge kome.

Wadda ta faɗa ruwa kuwa, ko ruwan damina ya doke ta a kan babur, hukuncinta dabam ne, ita ba a yi mata gwajin caji sam. A kashe ta in tana kunne, a cire layi, a goge ta, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana ɗaya ko biyu. Kada a shanya a rana ko a kanga a wuta. Binne ta cikin shinkafa da ake yi bai fi iska amfani ba, har kamfanin Apple ya hana, domin garin shinkafar na shiga ramuka. In ruwan ya shige ciki sosai, a hanzarta kai ta a buɗe a tsabtace, gama tsatsa ba ta jira.

Fasali na huɗu: zuwa wurin mai gyara

In duk an bi waɗannan ba ta tashi ba, aiki ya koma ga masu shi. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, Tecno da Itel da Infinix, duk na kamfani guda ne, Transsion na ƙasar Sin, saboda haka kayan gyaransu ba su da wuyar samu a Kaura da Gusau, wanda ya gagara kuma akan aika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Kafin ka miƙa, cire layinka da memori, ka sa layin a ƙaramar waya mai tocila, domin da ita ma ana kira, ana kuma aika kuɗi da lambobin banki. Ka nemi ya auna batir da ramin caji a gabanka, ku yi ciniki kafin ya kwance, ya kuma ba ka abin da ya cire. Lambar sirrin banki kuwa ba ta cikin kayan gyara, kada ka faɗa wa kowa.

Ka yi hattara ƙwarai da abin da suke kira filashin, watau wanke waya, domin yana share duk abin da ke cikinta, kuma ba ya maganin batir ko ramin caji. Bayan an wanke, wayar takan nemi adireshin Google da kalmar sirrin da aka buɗe ta da su. Mutane da yawa mai shago ne ya buɗe musu ranar saye, ba su san ko ɗaya ba, sai waya ta tashi amma ta kulle mai ita a waje. Su kuma masu gyara, nasiharmu gare su ita ce, abin da ke cikin wayar mutum amana ne, hotunan iyalinsa da saƙonninsa ba abin leƙe ba ne, kuma cewa injin waya ya ƙone alhali ƙura ce ta toshe rami, cin dukiyar mutane ne ba da haƙƙi ba.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Waya ana sake wata, amma lissafin bashin da ke cikinta, da lambobin abokan ciniki, da karatun malamai da aka ɗauka shekara da shekaru, in sun tafi sun tafi. Malamai sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. To, yau ɗin nan, tun wayarka tana da lafiya, ka sami littafi ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, da lambobin mutum goma da ba ka iya rasa su, da adireshinka na Google, da lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15 wadda ke fitowa in an danna *#06#. Kalmar sirri kuwa a rubuta ta dabam a adana a gida. Karatu mai daraja a kwafe shi a memori na biyu. Wanda ya yi haka, ranar da wayarsa ta suma zai bi rijiya da guga da igiya da randa hankalinsa a kwance.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye dukiyarmu da hanyoyinmu, ya maido da zaman lafiya ƙasar Zamfara. Haza wassalam.